Ƙwallon Raga a Ƙauyukan Ƙasar Haɗeja: Daga Turke Biyu Zuwa Ƙungiya



Mu 'yan ƙasar Haɗeja mun san yadda rani ke yi wa ƙauyukanmu. Da an gama kaka, sai samari su watse, wasu su tafi ci-rani Kano ko Legas, waɗanda suka rage kuwa su yini a gindin bishiya. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, ruwan da kan malale fadamu ya canja hali, kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, su da noman fadama suka ja baya a wurare. Saurayi mai ƙarfi in ya rasa abin yi, to, ɗan siyasa ko mai sayar da ƙwaya zai samar masa. Dalilin da ya sa ke nan muke so mu yi magana a kan ƙwallon raga.

Shi wannan wasa wani malamin motsa jiki ne, William Morgan, ya ƙago shi a garin Holyoke na Amurka a 1895, domin dattawan da ba su iya gudu da ture-ture. A 1947 aka kafa hukumarsa ta duniya a Faris, a 1964 kuma ya shiga wasannin Olamfik a Tokyo. Abin lura a nan shi ne, matan Japan da suka ci zinariya a wannan shekara yawancinsu ma'aikatan wata masaƙa ce guda, waɗanda kan yi atisaye bayan tashi daga aiki. Ashe babbar ƙungiya ma daga ƙaramin wuri takan faro.

Me ya sa ya dace da mu? Filinsa mita 18 ne a tsawo, 9 a faɗi, watau bai kai wani ƙofar gida ba. Mutum shida ne a kowane ɓangare. Tsayin raga mita 2.43 ne ga maza, 2.24 ga mata. Ba a gwabza jiki, balle a yi karaya ana tsakiyar noman rani. Rairayin bakin kogi fili ne kyauta, kuma a ƙasar masunta wa zai ce ya rasa mai saƙa raga? Ƙwallo kaɗai ne abin saye.

To, yaya ƙungiyar ƙauye kan fara? Galibi mutum ɗaya ne, malamin makaranta ko ɗalibi da ya zo hutu da ƙwallo a jaka. Ya kafa turke biyu da la'asar, yara su taru kallo, gobe su shigo. Amma taro daban, ƙungiya daban. Matakin farko shi ne a je gaban dagaci da liman a nemi izini da fili, domin iyaye su san inda 'ya'yansu suke, a kuma tashi kafin magariba. Na biyu, a rubuta sunaye, a zaɓi shugaba da ma'aji, a yi karo-karo kowane mako, kome ƙanƙantarsa. Da yayyafi kogi kan cika. Na uku, a gayyaci ƙauyen maƙwabta ran kasuwa. Daga nan sai gasa tsakanin Auyo da Kafin Hausa, ko Guri da Kiri Kasamma, har sunan yaro ya kai ga masu kula da wasanni a Dutse, wataƙila ma ya tsaya wa Jigawa a Gasar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973.

Sai dai lalle mu faɗi abin da kan kashe irin waɗannan ƙungiyoyi. Akwai kuɗin da ba a karanta lissafinsa a gaban kowa. Akwai karɓar riguna masu hoton ɗan takara, wanda kan raba ƙungiya biyu ranar zaɓe. Akwai dogara ga mutum ɗaya, in aka yi masa canjin wurin aiki sai raga ta zama igiyar shanya. Maganinsa shi ne a koyar da ƙanana tun farko, a kuma yi hutu da damina, kada uba ya ga ƙwallo ta hana noma. 'Yan mata ma kada a manta da su. Filin da ke cikin katangar makarantarsu ya isa, malama tana kula.

Jama'a, mu da muka yi karatu da harajin talakawa akwai bashi a kanmu. Hutu na tafe. Kowane ɗayanmu ya iya haɗa kai da 'yan garinsu biyu ko uku su sayi ƙwallo ɗaya, su kai gida, su tsaya har a zaɓi ma'aji kafin su dawo. Allah ya ba mu iko, amin.