Zobo, shayi da maganar rage ƙiba

 Yau maganarmu a kan zobo ce, wanda ake kira bissap a nan Togo, 'yan Ghana kuma su ce sobolo. Kwanan nan saƙonni suna ta yawo a WhatsApp wai zobo da koren shayi suna narkar da teɓa. To, shin haka ne?

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Tsirrai da dama suna ɗauke da wasu sinadarai da ake kira polifenol. Jan launin zobo daga cikinsu yake, haka baurin shayi da na goro. Kitsen jikinmu kuwa yana zaune ne a cikin ƙananan ƙwayoyi masu kama da buhu: idan abinci ya yi rara sai su cika su kumbura, har jiki ya ƙera sababbi. Masu bincike sun zuba sinadarin koren shayi, mai suna EGCG, a kan ƙwayoyin kitsen ɓera a ɗakin gwaji, suka ga ba sa tara mai kamar da, kuma ƙananan ba sa saurin girma.

Amma fa, jama'a, ƙwayar ɓera a faranti daban, cikin ɗan Adam daban. Kaɗan ne daga abin da muka sha yake ratsa hanji ya kai ga jini, hanta kuma ta sauya shi da wuri. A 2012 masanan Cochrane suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane masu ƙiba, suka tarar nauyin da koren shayi ke ragewa bai taka kara ya karya ba.

Sai kuma sukari, inda ni a ganina gizo ke saƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada babban mutum ya wuce kamar giram 50 a yini, wajen ƙaramin cokali 12 ke nan, kuma rabin haka ya fi. Yanzu ka duba abin da ake zubawa a butar ataya zagaye uku, Hajiya ke kuma ki tuna yawan sukarin da ke shiga tukunyar zobon biki. Zobo mai citta da ɗan zaƙi kaɗan ya fi amfani, an ma ga yana ɗan sassauta hawan jini.

Ƙwayoyin "rage ƙiba" na kasuwa kuwa, a yi hattara. A 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta yi gargaɗi cewa EGCG da ya kai miligiram 800 a yini yana iya taɓa hanta. Mai ciki, da mai shan maganin hawan jini ko na ciwon suga, ya tambayi likita tukuna kafin ya saya.