Arzikin Ɗan Tayi a Cikin Duffai Uku, da Hukuncin Azumin Mai Ciki

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai ciyar da wanda bai san roƙo ba, Mai kiyaye wanda bai san tsoro ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi masu saurare a Kance da Matamaye, da Ɗan Barto, da Kurni, da Dungu, da duk inda wannan murya ta kai. Allah Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu.

Akwai tambayar da take yawan zuwa mana cikin wannan wata: mace mai ciki, ta yi azumi ko ta sha? Amsar tana nan cikin littattafanmu, za mu kuwa zo gare ta. Amma hukunci ya fi zama a zuciya idan an san dalilinsa, saboda haka sai mu fara da duba halin wanda ake ji wa tsoro, wato ɗan tayin da ke cikin mahaifa, yadda aka gina shi da yadda ake ciyar da shi.

Allah Maɗaukakin Sarki Ya jera mana matakan halittar mutum a farkon Suratul Mu'minuna, daga aya ta 12 zuwa ta 14, da kuma aya ta 5 ta Suratul Hajji. Ana farawa da ɗigon ruwa, ya koma gudan jini mai maƙalewa, ya koma tsoka, a gina ƙashi, a rufe ƙashin da nama, daga nan a mai da shi wata halitta dabam. A Suratuz Zumar, aya ta 6, an sanar da mu cewa wannan aiki duka cikin duffai uku yake gudana, malaman tafsiri kuwa suka fassara su da duhun ciki, da duhun mahaifa, da duhun mayafin da ke lulluɓe da ɗan. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'udu, Allah Ya yarda da shi, wanda Imamu Nawawi ya sa na 4 a cikin Arba'una, ya ƙidaya wa matakan farko kwana 40 sau uku, 120 ke nan, wata 4 cif, sa'annan a aiko mala'ika ya busa rai. Daga nan za ku gane girman alhakin abin da ke cikin ciki. A mazhabarmu ta Imamu Malik, magana mafi rinjaye ita ce ba ya halatta a zubar da shi tun daga lokacin da ya zauna a mahaifa, balle bayan an busa masa rai.

To, likitocin wannan zamani Allah Ya hore musu na'urorin da ke leƙa cikin waɗannan duffai, abin da suka gani kuwa ƙarin imani ne ga mai hankali. Sun ce zuciyar ɗan tayi tana fara bugawa wajen kwana 22 da shigar ciki, a lokacin da shi kansa bai kai ƙwayar shinkafa ba, uwarsa ma sau da yawa ba ta tabbatar tana da ciki ba. Zuwa ƙarshen wata na 2 an fitar masa da hannuwa da ƙafafu da yatsu. Tsakanin wata na 4 da na 5 uwa take fara jin motsinsa. Zuciyarsa tana bugawa sau 110 zuwa 160 a minti guda, alhali ta babban mutum a zaune tsakanin 60 da 100 take. Wannan bugu shi ne ma'aikaciyar likita take nema idan ta ɗora ma'auni bisa cikin mace ranar awo.

Yanzu ku yi tunani, jama'a. Wannan bawa yana cikin ruwa, bakinsa ba ya cin tuwo, hancinsa ba ya shaƙar iska, huhunsa ma cike yake da ruwa. Ta ina arzikinsa ke zuwa? Allah Ya halitta masa mabiyiya, wadda wasu ke kira uwa, ta manne a bangon mahaifa, nauyinta ya kai kimanin rabin kilo idan ciki ya tsufa. Tsakaninta da ɗan akwai igiyar cibiya, tsawonta kamu guda da ɗan ɗori, a cikinta jijiyoyin jini uku. Guda ɗaya babba ita ke kawo masa jini mai ɗauke da abinci da iskar rayuwa, wadda likitoci ke kira oksijin. Biyu ƙanana su ke mayar da jinin da aka gama amfani da shi, da dattinsa, zuwa ga mabiyiya. Jinin uwa da na ɗa ba sa gauraya. Akwai shamaki siriri tsakaninsu, abinci da ruwa da iska su ratsa zuwa wajen ɗa, datti ya ratsa zuwa wajen uwa, huhunta da ƙodarta su fitar da shi. Ashe numfashin mai ciki na mutum biyu ne, haka cinta da shanta.

Akwai abin da ya fi wannan ban mamaki. Zuciyar mutum ɗaki huɗu gare ta, biyu a dama, biyu a hagu. Ga wanda aka riga aka haifa, jini ba ya tsallakawa daga dama zuwa hagu sai ya bi ta huhu ya ɗauko iska. Wani malamin Musulunci kuma likita, Ibnun Nafis, wanda ya koyar a Alƙahira ya rasu a shekara ta 687 bayan Hijira, wato 1288, ya bayyana wannan hanya ɗaruruwan shekaru kafin likitocin Turai su tabbatar da ita. To shi ɗan tayi huhunsa bai fara aiki ba, me jini zai je ɗaukowa a can? Sai Mai hikima Ya buɗe masa hanyoyin yanke guda uku. Ta farko tana ratse hanta, don wani kaso na jinin da ya fito daga cibiya ya isa zuciya da sauri. Ta biyu ƙofa ce a bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu na sama, jini mai kyau ya bi ta cikinta daga dama zuwa hagu, a tura shi zuwa ƙwaƙwalwa. Ta uku gajeriyar jijiya ce da ke karkatar da jinin da ya nufi huhu, ta zuba shi cikin babbar jijiyar jiki.

Ranar haihuwa, da jariri ya ja numfashin farko ya tsala kuka, huhu ya buɗe, jini ya kwarara cikinsa, ya komo ɓangaren hagu da ƙarfi, ya tura marfin ƙofar nan ta rufe. Gajeriyar jijiyar ma ta tsuke cikin kwana ɗaya zuwa uku. An ɗaure cibiya an yanke, an toshe masa hanya guda, an buɗe masa biyu a ƙirjin uwarsa, da abin da ya fi dacewa da cikinsa. Ya kai mai damuwa da tsadar hatsi, Wanda Ya shirya maka wannan tun ba ka san sunanka ba, yau ne zai manta da kai?

Ita kuwa uwa, nauyin a kanta yake. Likitoci sun ce jinin jikin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabin abin da take da shi a da, kuma idan ciki ya tsufa kimanin rabin lita ko fiye ke bi ta mahaifa a kowane minti. Idan abin gina jini ya yi ƙaranci a cimarta, daga ajiyar jikinta ake ɗiba a ba ɗan, ita ta rame, idanunta su yi fari. Wannan shi ne raunin da Suratu Luƙman, aya ta 14, ta siffanta ɗaukar ciki da shi, rauni mai hauhawa. Hadisi ya zo cewa sunan mahaifa da Larabci, rahim, daga sunan Allah Ar-Rahman aka tsago shi. Wanda ya tsananta wa mai ciki, to ya san da wa ya ja.

Mu zo ga hukunci. Hadisin Anas ɗan Malik Al-Ka'abi, wanda Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito, ya nuna Allah Ya sauƙaƙa wa mai ciki da mai shayarwa azumi kamar yadda Ya sauƙaƙa wa matafiyi. A Risala ta Ibnu Abi Zaid Al-Ƙairawani, wadda kowane almajirin ƙasar nan ya sani, mai ciki idan ta ji tsoro ga abin da ke cikinta za ta sha azumi ta rama, babu ciyarwa a kanta bisa magana mafi shahara. Mai shayarwa kuwa, idan ta ji tsoro ga ɗanta, ba ta sami mai shayar mata ba, ko ɗan ya ƙi karɓar nonon wata, za ta sha, ta rama, ta kuma ciyar da mudu guda a kan kowace rana. Mudun Annabi ake nufi, cikin tafuka biyu matsakaita, ba tiyar kasuwa ba.

Saboda haka hali uku ne. Mai cikin da ke da ƙarfi, azumi ba ya wahalar da ita, ba ta jin tsoron komai, ta yi azuminta. Wadda ke shan wuya mai tsanani ko tana tsoron cuta, ya halatta ta sha. Wadda ke tsoron halaka ko cuta mai girma gare ta ko ga ɗanta, shan azumi ya wajaba a kanta, kamar yadda yake a Muhtasar na Shehu Halilu, in ta ƙi ta yi zunubi. Masu sharhi sun ce ana sanin wannan tsoro ta hanyar abin da mutum ya jarraba a jikinsa ko ta faɗar likita masani. Don haka wadda ke da ƙarancin jini, ko hawan jini, ko ciwon sukari, ko yawan amai, ko cikin tagwaye, ta tambayi ma'aikatan likita, abin da suka faɗa mata hujja ce a shari'a.

Wadda ta ɗauki azumi kuma, musamman cikin zafin bazara, ta lura da kanta. Idan jiri ya kama ta, ko fitsarinta ya ragu ya yi ja, ko mararta ta riƙa murɗawa kamar naƙuda, ko ta ji motsin ɗan ya yi sanyi, ta sha ruwa nan take, kada ta ce bari in jira magariba. Idan motsin bai komo yadda ta saba ba, a kai ta likita a ranar. Tsakanin buɗa baki da sahur ta yawaita shan ruwa, ta ci wake da zogale da gyaɗa da nono, da ƙwai ko hanta in an samu. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ta wajen awo ta sha su da dare, ta nisanta su da shayi, don shayi yana rage amfaninsu. Maganin rigakafin zazzaɓin sauro kuwa kada ta bar shi, domin ƙwayoyin wannan cuta a cikin mabiyiya suke taruwa, su tauye arzikin ɗan, a haife shi ƙarami. In an ce sai ta haɗiye shi nan gaban ma'aikaciya da rana, ta haɗiye, ta rama ranar.

Ga wata mas'ala da nake so ku riƙe. A mazhabarmu, jinin da mai ciki ta gani ana ba shi hukuncin haila, ta bar salla da azumi. Wannan hukuncin ibada ne kawai, bai nuna lafiya ba. Zubar jini ga mai ciki alamar haɗari ce, sau da yawa daga mabiyiya yake, wadda ran ɗan ke rataye da ita. Haka ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da hannuwa da gani dishi-dishi, su ke gabatar jijjiga. Duk waɗannan ba a kwana da su a gida. A yi addu'a, a yi tofi, amma a yi su bisa hanyar zuwa likita.

Ya ku magidanta, kaso mafi girma naku ne. Tun 2006 hukumar ƙasarmu ta Nijar ta ɗauke kuɗin awon ciki da na maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu. Muna da ƙananan gidajen likita, muna da babba a Matamaye, abin da ya fi ƙarfinsa a wuce Damagaram. Makarantar Mazaje, inda maza ke koya wa juna kula da lafiyar iyali, a nan jiharmu aka fara ta kafin wasu ƙasashe su ɗauka. Me ya rage? Ka ba matarka izni tun yau, ka ce ko ba ka nan, in ta ga alama ta tafi. Ka ware kuɗin mota ka ajiye. Ka rage mata daka da jan ruwa da aikin garka cikin rana. Ciyar da ita wajibi ne a kanka, ya gabaci buɗa bakin da kake kai wa ƙofar masallaci.

Ku kuma iyayenmu mata, uwayen miji da kishiyoyi, ku ji tsoron Allah cikin harsunanku. Yarinya mai cikin fari kunya ta isa ta hana ta faɗin abin da take ji. Idan aka ƙara mata da gori, aka ce mu a zamaninmu da tsohon ciki muke azumi muna surfe, sai ta daure har ta faɗi. Rangwamen da Allah Ya bayar babu mai ikon karɓe shi. Ke kuma ƴata, ki ƙidaya kwanakin da kika sha, ki rama su idan kin sami ƙarfi kafin wani azumin ya zo. In uzuri ya zarce da ke har ya zo, ramuwa tana nan a kanki, laifin jinkiri kuwa babu.

Ya Allah, Ka sauki masu ciki lafiya, Ka raya abin da suka haifa bisa Musulunci, Ka ba waɗanda ba su samu ba zuriya mai albarka. Ka jiƙan matan da suka rasu wajen haihuwa, Ka karɓe su cikin shahidai. Ka gafarta wa iyayenmu mata da suka ɗauke mu, Ka saka musu da Aljanna. Ka ba mu damina mai albarka da zaman lafiya a ƙasarmu. Sai gobe in Allah Ya kai mu, za mu ɗora da hukuncin tsoho da majinyaci.