Gilisidol: Daga Masana'anta Zuwa Kaskon Suya



Malam, ka yi mini afuwa in na yi kuskure, kai ka koya mana kimiyyar haɗa sinadarai. Maganata yau a kan wani sinadari ce, gilisidol. Ruwa ne garau, ba launi, yana narkewa cikin ruwa, yana tafasa wajen digiri 167. Gininsa ƙarami ne: kabon 3, haidurojin 6, oksijin 2. Sai dai a gefe guda yana da zobe mai kusurwa uku, a matse kamar ɗanannen tarko. Da ya taɓa wani abu sai zoben ya buɗe ya cafke shi.

Wannan hali ne ya sa masana'antu ke son sa wajen haɗa fenti, roba da magunguna. Shi ne kuma haɗarinsa, don yadda yake cafke sinadari haka yake cafke ƙwayoyin gado na jikin mutum. Yana ƙona fata da ido. A shekarar 2000 hukumar binciken ciwon daji da ke Liyon, ƙasar Faransa, ta sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar, bayan an gan ta ga ɓeraye.

Wani zai ce, to ina ruwan mutumin Tudun Jukun? Ruwansa man girki. Idan kamfani zai kawar da ƙaurin mai, yakan dafa shi sama da digiri 200, a nan ake samun sinadaran da hanji ke mayarwa gilisidol. Tataccen manja ya fi kowane mai yawansu, wato wannan farin man da ake aunawa a kwalba a kasuwar Tudun Wada, galibinsa ba takarda ba suna. A 2009 kamfanin Kao na Japan ya janye mansa mai suna Econa saboda wannan. A 2018 Tarayyar Turai ta ƙayyade miligiram 1 cikin kilo guda.

Jan manja da man ƙuli na iyayenmu mata ba sa shiga wannan wutar, ko da yake gyaɗa mai hunhuna tana da nata dafin. Ni dai a gidana mai ba ya shiga sai da sunan kamfani da lambar NAFDAC, madarar jarirai kuwa, tunda da irin wannan mai ake haɗa ta, na fi tsanantawa a kanta.