Jawabi a kan sababbin unguwannin Yamai da kuɗin mutanen Adar



Lokacin ƙidayar jama'a ta 1988 mutanen Yamai ba su cika 400,000 ba. Da aka sake ƙidaya a 2012 sai aka tarar sun zarce miliyan guda. Wannan taro kuwa ba a Kalley ko Zongo ya samu makwanci ba. Bayan gari ya fita, ya haifi unguwanni irin su Bobiel da Kubiya da Niamey 2000. A cikin masu sayen fili a waɗannan wurare akwai 'yan Keita da Buza da Madawa da dama, wasu da ribar kanti, wasu da gumin ci-rani na Abijan ko Libiya. Saboda haka maganar Niamey 2000 magana ce ta Adar, ko da yake tafiyar yini ce tsakaninsu.

Ya kamata a tuna yadda filin bayan gari ya zama kuɗi a hannun hukuma. A shekarun 1990 baitulmali ya bushe, aka karya darajar sefa a Janairun 1994, ma'aikata suka yi ta bin gwamnati albashin watanni. Da Tandja Mamadou ya hau mulki, a farkon shekarun 2000, sai aka ɓullo da dabarar biyan wannan bashi da filaye. Malamin lakwal da ya shekara yana cin bashin hatsi aka miƙa masa takardar kare a cikin gonar gero, inda ba famfo, ba wuta, ba hanya. Da me zai gina? Da yawa sun sayar da takardun da araha ga mai kuɗi a hannu, kuma kowa a zauren nan ya san wane ne ke da kuɗi a hannu. Ba zargi ba ne ga 'yan kasuwa, ciniki ne aka yi da yardar juna. Amma tun daga nan hukuma ta ɗanɗana, ta gane cewa yanka fili ya fi tara lanho sauƙi.

Abin da ya biyo baya shi ne unguwa ta riga aikin gwamnati isa. A ƙa'ida, kafin a raba kare sai an shata titi, an haƙa magudanar ruwa, an keɓe wurin lakwal da likita da kasuwa. A aikace, turakun siminti kawai ake kafawa. Mai gida ya zuba miliyoyi a bene, sannan ya sayi ruwa wurin garuwa da tsadar da mazaunin Plateau bai taɓa biya ba. Ko dajin dogon yaro da aka soma dasawa a 1965 don ya yi wa birnin ɗamara bai tsira ba, an yi ta gutsurarsa kare bayan kare.

Ga kuma batun takarda, wanda ya fi kowane cin mutane. Wadda meri ke bayarwa, acte de cession, shaida ce ta an ba mutum wuri. Cikakken mallaka sai da titre foncier, wanda ake nema a hukumar filaye, kuma shi banki ya fi amincewa da shi wajen jingina. Mutumin da ke Abijan ya aiko ƙanensa ya saya daga dillali, shi kuma dillali ya saya daga wani, ba wanda ya je ya duba rajista. Ranar da aka kawo tifar yashi sai wani ya fito da tasa takardar mai lamba ɗaya. Wani lokaci ma magadan mai gonar ne ke fitowa, suna cewa ba a biya su diyya ba.

Abin mamaki a nan, ba wanda ya kai mutumin Keita sanin halin ruwa. Tun 1984, da aikin raya karkara na Keita wanda Italiya ta ɗauki nauyinsa tare da FAO, mata da maza suka yi ta jera duwatsu a kan fako, suna haƙa ramuka, suna datse korama, aka dasa miliyoyin itatuwa. Manomin da ya yi wannan aiki ba ya shuka sai ya dubi inda ruwa ke gangarawa. Ɗansa kuwa zai sayi kare a Yamai cikin watan Maris, ƙasa a bushe ƙayau, bai tambayi kowa abin da wurin ke zama a Agusta ba. Damina na sauka sai titin yashi ya koma kori, mota ta kasa shiga, katanga ta tsage tun ba a tare ba.

Mai niyyar saye ya je da ƙafarsa bayan an ɗauke ruwan sama, ya tambayi maƙwabtan da suka riga shi tarewa, ya ɗauki lambar karen da ta îlot ya kai meri da hukumar filaye a duba masa sunan da ke rubuce. Ga waɗanda suka riga suka gina kuwa, taswirar unguwa tana nan a meri, da wurin lakwal da na kasuwa a zane. Kowane mazauni na iya neman a nuna masa ita, ya gwada da abin da aka gina a wurin.