CIWON TAFIN ƘAFA NA KAJI DA AGWAGI A GIDAJENMU
Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya, Sabo, Ibadan



Maganar da muka zo da ita yau wani zai ce ƙarama ce, maganar kaza da agwagwa. Amma duk wanda ya san zaman Sabo ya san cewa kajin da ke bayan ɗaki su ne asusun matanmu. Daga nan ake fidda kuɗin littafin yaro, daga nan ake fidda zakaran suna. Kaza mai ɗingishi kuwa ba ta kiwo, ba ta ƙwai, in an kai ta kasuwa mai saye ƙafar zai fara dubawa ya karya farashi.

Ciwon da muke nufi shi ne kumburin nan na tsakiyar tafin ƙafa, mai zafi in an taɓa, da baƙin ɓawo a kansa kamar an liƙa ƙwayar barkono. Likitocin dabbobi na ce masa bambulfut. Ba sammu ba ne, ba kuma ciwon nan ba ne mai kwashe kaji lokacin hunturu. Wata ƙwayar cuta ce da ake kira Sitafilokokus, wadda ke zaune a jikin kaji da cikin kashinsu da shara, ba ta samun hanya sai fatar tafin ta tsage.

To, me ya sa ya fi yawa a nan? A gida Arewa kaza kan yashi take yini, busasshe, mai laushi. Nan kuwa ruwa yakan fara tun wajen Maris ko Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba. Tsakar gidanmu siminti ne mai kaushi, ga matsi, ga kwata a bakin ƙofa, ga ƙusa da gutsuren kwano da fasasshiyar kwalba. Danshi ya jiƙa tafin ya yi laushi, siminti ya goge shi, kashin kaji ya shiga. Toron agwagwa da manyan kajin gidan gona da muke saye mu ajiye don salla su suka fi kamuwa, saboda nauyi. Haka zakaran da ke kwana kan katanga ya diro kan siminti kowace asuba.

Ga abin da muke so kowa ya riƙe. Mugunyar tsuntsu ba irin ta mutum ba ce. Tamu ruwa ce, in an huda maruru sai ta zubo. Ta kaza daskarewa take, ta yi tauri kamar awara, ta zama ƙullutu a cikin naman. Shi ya sa hudawa da allura ba ta fidda komai, sai ƙarin ƙofa ga cuta. Shi ya sa kuma kafso ja da yalo da ake kwancewa a zuba a ruwan sha sau da yawa ba ya warkar da shi, don jini ba ya kai maganin cikin ƙullutun. Kananzir da baƙin mai da ƙarfe mai zafi kuwa, don Allah a bari. Ƙona naman kawai suke yi.

In an kama shi da wuri, tafin ya yi ja ko sheƙi amma babu ɓawo, aikin kaɗan ne: a wanke, a shafa aidin, a ware ta a busasshen wuri. In ɓawo ya fito, sai mutum biyu. Ɗaya ya naɗe ta da tsumma ya rufe mata ido don ta natsu. A tsoma ƙafar cikin ruwan ɗumi da gishiri, kamar cokali ɗaya a lita guda, minti 10 zuwa 15. Ba ruwan zafi ba, wanda hannunka zai iya zama a ciki. In ɓawon bai yi laushi ba kada a tilasta, a sake jiƙawa gobe da jibi. Da ya yi laushi sai a ɗaga shi a hankali daga gefe, a matsa kewayen, ƙullutun yakan biyo shi. A wanke ramin da ruwan gishiri mai tsabta, a sa aidin, a shafa man ciwo na kemis, a ɗora auduga, a naɗe da bandeji ta tsakanin yatsu. Kada a ɗaure tam. In yatsun suka yi sanyi ko suka kumbura, an matse da yawa. A canza kullum da farko, daga baya kowane kwana biyu. Warkewa na iya ɗaukar mako biyu ko fiye, sai haƙuri.

Mai yin aikin ya sa safar hannu ko leda, ya wanke hannu da sabulu, a ƙone audugar da ƙullutun. Ƙwayar nan tana kama mutum in yana da rauni a hannu, don haka kada a bar wa yara.

Agwagwa ta fi wuyar sha'ani, don ba ta da aiki sai neman ruwa, jiƙaƙƙen bandeji kuwa gara babu. A tsare ta a kwando ko akurki, a ba ta ruwa a gwangwanin da kanta zai shiga amma ƙafarta ba za ta shiga ba.

Akwai inda hannunmu ya tsaya. In kumburin ya haura zuwa gwiwa, ko ƙafa biyu ne, ko ta daina cin abinci, wataƙila cutar ta kai jijiya ko ƙashi. Asibitin dabbobi na Mokola nan kusa da mu yake. In likita ya ba da allura ko maganin sha, a tambaye shi kwana nawa za a jira kafin a ci ƙwai ko a yanka, kuma kada a sayar wa wani a cikin kwanakin nan. Wannan haƙƙi ne, mu 'yan kasuwa mun fi kowa sani.

Kada kuma a haɗa shi da ciwon da ke sa ɓawon ƙwauri ya tashi ya yi fari-fari kamar garin alli. Wancan ƙananan ƙwari ne ke shiga ƙarƙashin ɓawon, man Vaseline da ake shafawa a kai a kai yana kashe su.

Saura ƙasan akurkin, don in an warkar da kaza aka mayar da ita kan jiƙaƙƙen siminti, ciwon zai dawo. Diddigar katako tana nan a wajen masu katako na Bodija da arha. A shimfiɗa ta da kauri, a kwashe inda ya jiƙe, a toshe inda rufi ke yoyo. Sandar kwana kada ta wuce ƙafa biyu daga ƙasa ga manyan kaji, a goge ta sumul. A ba su ganye da jar masara da ɗan ɗigon manja a dusa, don sinadarin bitamin A da ke ƙarfafa fata. Sannan sau ɗaya a mako, da dare in sun kwanta, a ɗauki tocila a juya ƙafafun a duba.

Muna roƙon ƙungiya ta sayi aidin da bandeji da safar hannu a ajiye a hannun shugabar mata, mai buƙata ya karɓa ya biya kuɗin abin da ya ɗiba.