Wa Ke Riƙe da Ranar Mutuwar Uwar-Garkenku?

 Abin da aka ɗora mini in yi magana a kansa shi ne jituwa, ko rashinta, tsakanin allon sarrafa shafukan intanet da sababbin tsare-tsaren aiki na uwar-garke. Na san wasu za su ce ai wannan zancen masu karatun kwamfuta ne. To, amma da yawa daga cikinmu nan ba da daɗewa ba za su zauna a ofis, a kawo musu takardar kwangilar shafin ma'aikata su sa hannu, saboda haka ya kamata mu san abin da za mu saya da kuɗin jama'a.

Uwar-garke ita ce kwamfutar nan da ba ta barci, wadda shafi da wasiƙun ma'aikata suke zaune a cikinta. Tsarin aiki shi ne babbar manhajar da ke tafiyar da ita, galibi wani nau'i na Linux. Allon sarrafawa kuwa, irin su cPanel da Plesk da DirectAdmin, shi ne ke ba akawu damar buɗe akwatin imel ko ɗora takarda a shafi ta hanyar latsa maɓalli kawai, ba sai ya rubuta umarni ba.

Wanda ya ga allon a fuskar kwamfuta zai zaci riga ce da ake sa wa tsarin aiki, a tuɓe ta in an ga dama. Ba haka abin yake ba. cPanel, alal misali, ba a girka shi sai a kan tsarin da aka zuba sabo fil, kuma da ya shiga sai ya kawo nasa Apache, da nasa PHP, da Exim mai kai wasiƙu, duk an ƙera su daidai da zubin tsarin da ke ƙarƙashinsa. Kamfanin da kansa ya faɗa cewa ba shi da hanyar cirewa, sai dai a share uwar-garken a sake zubi. Watau saiwarsa ta riga ta shige cikin harsashin ginin. In harsashi ya canza, allo ba zai yi aiki ba sai masu shi sun sake ƙera shi, kuma wannan yakan ɗauki lokaci. An fitar da zubi na 9 na tsarin Red Hat a watan Mayu na 2022, amma sai a 2023 cPanel ya amince da a ɗora shi a kan tsare-tsaren da suka bi wannan zubi.

Abin da ya faru da CentOS shi ne ya fito da wannan matsala fili. CentOS kwafi ne na kyauta na tsarin da kamfanin Red Hat na Amurka ke sayarwa, kuma shekara da shekaru a kansa yawancin masu ba da hayar masaukin shafuka suke ɗora cPanel. A 2014 Red Hat ya jawo aikin CentOS ƙarƙashin inuwarsa, a 2019 kuma IBM ya sayi Red Hat a kan dala biliyan 34. A shekarar nan ta 2019 aka fitar da CentOS 8, da tsammanin za a ci gaba da kula da shi har 2029. Kwatsam, ran 8 ga Disamba 2020, sai aka ba da sanarwar cewa za a daina a ƙarshen 2021. An zaftare shekara takwas da sanarwa guda, kuma waɗanda suka yi saurin ƙaura zuwa sabon zubi su suka fi kowa jin jiki.

Masu sana'ar ba su zauna ba. Kamfanin CloudLinux ya fito da AlmaLinux a watan Maris na 2021, Gregory Kurtzer, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa CentOS tun farko, ya fito da Rocky Linux a watan Yuni. cPanel ma, da ya ga hatsarin dogara da gida ɗaya, ya karɓi Ubuntu a 2022.

Mutanen da suka fi ba ni tausayi su ne waɗanda suka lafe a kan CentOS 7, suna ganin sun tsira. Shi ma wa'adinsa ya cika ran 30 ga Yuni 2024, kuma zubi na 110 na cPanel shi ne na ƙarshe da ya yarda da shi. Mutuwar tsarin aiki ba ta da kuka ba ta da makoki. Shafi zai ci gaba da buɗewa, wasiƙu su ci gaba da shiga, shugaban ma'aikata bai san komai ba. Abin da ya tsaya shi ne faci, watau gyaran da ake aikowa duk sa'ad da aka gano wata kafa da ɓarayi za su iya bi. Ku tuna da kafar Heartbleed da aka gano a OpenSSL a 2014, wadda ta ba baƙo damar kwasar kalmomin sirri daga ƙwaƙwalwar uwar-garke. In irinta ta ɓulla a tsarin da ya mutu, ba mai aiko da faci sai ga wanda ya biya kuɗin ƙarin wa'adi.

Me zai hana a yi ƙaura kawai? A nan gizo ke saƙar. Akwai manhajar ELevate da ke ɗaga uwar-garke daga CentOS 7 zuwa AlmaLinux 8 ba tare da an share ta ba, amma ɗaga tsari bai warkar da tsohon shafi. Shafin da aka rubuta da tsohon PHP zai iya rushewa a kan sabo, domin tun 2015, a PHP 7, aka cire tsofaffin umarnin da ake magana da rumbun MySQL da su. In ɗan kwangilar da ya rubuta shafin ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba, wa zai gyara? Har ila yau ƙarfen ma yana da nasa sharaɗi: zubi na 9 ba ya tashi a kan wasu tsofaffin na'urori, zubi na 10 da ya fito a 2025 ya ƙara tsaurara sharaɗin.

Ga kuma batun kuɗi, wanda ya shafe mu kai tsaye. A 2019 cPanel ya koma cajin kuɗi gwargwadon yawan asusun da ke kan uwar-garke, kuma farashinsa da dala ne. Bayan faɗuwar naira daga 2023, mai ba da masauki a Nijeriya yana da dalilin jan ƙafa wajen duk wani aikin da zai ci masa kuɗi alhali abokin cinikinsa bai gani da ido. Ni ban ga laifinsa ya kai na jami'in da bai tambaya ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai tattara bayanai nauyin tsare su, kuma sakamakon jarrabawarmu da takardun albashinku bayanai ne.

Saboda haka, ranar da fayil ya iso teburinku, kada ku sa hannu sai an rubuta sunan tsarin aiki da lambar zubinsa da ranar da za a daina yi masa faci, an kuma faɗi wanda zai ɗauki nauyin ƙaura, da inda kwafin ajiya yake, wajen uwar-garken ba cikinta ba. In an rubuta AlmaLinux 8, wa'adinsa 2029. In 9 ne, 2032. In kuwa kuka ga CentOS 7 ko 8, ku mayar da fayil ɗin inda ya fito.