'Ya'yanmu Masu Digiri da Masu Sayar da Gurbin Aiki



Kaɗan ne daga cikinmu a wannan zaure ba su da ɗa ko ƙani da ya kammala jami'a yana zaune a gida. Mun biya kuɗin karatunsu daga albashin da ba ya kai mu ƙarshen wata, mun jure yajin aikin ASUU na 2022 da ya cinye wata takwas. Yau ga takarda a akwati, ga mai ita a ƙofar gida.

A irin wannan hali ne ake zo mana da maganar gurbi. Wane ya san wane a Abuja, a kawo kaza, takardar ɗaukar aiki za ta fito. Akwai waɗanda suka ci bashi a asusun taimakon juna saboda wannan, akwai waɗanda suka rabu da gonar gado. A 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin bincike kan cinikin guraben aiki a hukumomin tarayya, kuma mutane suka tsaya a gabansa suka ce sun biya. Mai biya ba shi da rasit, ba shi kuma da bakin kai ƙara, domin da hannunsa a cikin laifin. Idan takardar ta jabu ce, sai ranar tantancewa asiri ya tonu, alhali bashin yana nan ana cira daga albashin uba duk wata. Mu da muke hana ɗalibi satar amsa, da wane ido za mu dubi ɗanmu muna saya masa kujerar wani?

Shawararmu ita ce a karkata wannan ƙoƙari zuwa shekarar yi wa ƙasa hidima. Tun 2025 alawus ɗin ɗan hidima ya koma naira 77,000, ya ɗara mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Mun san tsadar rayuwa, amma wanda ya riƙe wani abu kowane wata zai fito da kuɗin rajistar wata jarrabawa ko kayan fara sana'a. Shirin koyon sana'a na SAED, wanda ake farawa tun a sansani, yawancin yara barci suke yi a lokacinsa. Sai mu tambaye su abin da suka zaɓa, da inda za su ci gaba da koyo bayan makonni ukun nan.

Da yawa daga 'yan hidima makarantunmu ake turo su, muna ba su aji mu juya baya. Wanda muka ga yana da hannu a koyarwa, mu gaya masa gaskiya: digirinsa na kimiyya ko tattalin arziki kaɗai bai mai da shi malami a idon doka ba. Yana bukatar difilomar PGDE, wadda Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna da jami'o'i da dama ke bayarwa, sannan jarrabawar TRCN da rajista. Ba za mu ce masa alli zai azurta shi ba, ai ya ga baburanmu. Dokar 2022 da ta kai ritayar malami shekara 65 ma ba kowace jiha ce ta aiwatar da ita ba. Amma takarda ce tasa ta halal, ba mai ƙwace ta ranar tantancewa.

Muna roƙon shugabannin reshe su ware Asabar ɗaya kowane zango, malaman Turanci da na kwamfuta su zauna da 'ya'yan mambobi, a gyara musu takardar neman aiki, a nuna musu yadda ake gane shafin hukuma na gaskiya a intanet. Mai son ba da lokacinsa ya rubuta sunansa wajen sakatare kafin a tashi.